Hatimin da Marlys Ba Ta Sani Ba

Ranar Talata, bakwai ga watan Oktoba, aka fara zaluntar Verla Dombek a garin Norby, kuma Marlys Hovland ce ta buɗe ƙofar zaluncin. Gara a kira abin da sunansa tun farko, domin har yau akwai masu cewa rashin fahimta ce aka samu. Ba rashin fahimta ba ce. Girman kai ne.

Marlys ba muguwar mace ba ce, kowa a garin zai shaide ta. In aka yi rasuwa, tiren abincinta ne ke fara isa gidan makoki. In maƙwabci ya kwanta asibiti, katinta na gaisuwa yakan riga na danginsa zuwa. Aibinta guda ne. Ba ta yarda akwai wani abu da ya shafi hatimin roba da tawada wanda ita ba ta sani ba.

Ita ce shugabar ƙungiyar masu yin kati da hatimi, wadda ke taruwa a ɗakin ƙasa na coci duk Talatar farko ta wata, bayan cin abincin rana. Akan ba da jigo, kowace ta koma gida ta buga hotonta, ta ƙawata shi da abin da ta ga dama, ko zare, ko tsohon yadi, ko busasshen ganye, sannan a kawo a zaɓi gwana. Ba kuɗi ake ci ba. Katin da ya yi nasara akan liƙa shi a tagar laburaren gari har wata ya ƙare, shi ke nan. Doka kuwa ɗaya ce tak: hoton sai an buga shi da hatimi, da hannu. Ban da wanda aka fitar daga kwamfuta.

A gidan Marlys ɗaki guda aka ware wa hatimai, durowa bisa durowa, furanni daban, tsuntsaye daban, na Kirsimeti daban. Da kallo ɗaya takan faɗi kamfanin da ya yi hatimi da shekarar da ya fito kasuwa, kuma ba ta cika kuskure ba. Mijinta Duane, wanda ya rufe shagonsa na kayan gini ya dawo zaman gida, yakan tsokane ta.

"Mar, ranar da gidan nan ya kama da wuta na san matsayina. Hatimai tukuna, sai kyanwa, sannan ni."

"Kai ai kana da ƙafa," in ji ta.

Ita kuwa Verla baƙuwa ce. Bayan rasuwar mijinta ta baro birnin Duluth ta kama hayar ɗan ƙaramin gida a Norby don ta zauna kusa da 'yarta. 'Yar kuwa kullum tana wurin aiki. Ƙungiyar masu hatimi ce wuri na farko da aka ja wa Verla kujera aka ce ta zauna. Mace ce mai dariya da ƙarfi, yatsunta kullum da tawada. Har an ba ta aron akwatin tawadar ƙungiya, kamar yadda aka saba yi wa sabbin shiga, an kuma nemi ta riƙa zuwa gidan kula da tsofaffi tana koya musu yin kati.

Jigon watan Oktoba shi ne lokacin kaka. Da aka jera katuna a kan dogon tebur, sai kowa ya taru a kan guda ɗaya. Barewa ce tsaye a gonar masara da aka girbe, rana na faɗuwa a bayanta. Launi huɗu ne, rawaya da ruwan goro da ruwan ƙasa da baƙi, kowanne ya zauna daidai kan ɗan'uwansa ba tare da zamewa ba. A gefe an ɗinka ɓawon masara na gaske da jan zare.

"Kai, wannan ai sai a sa a gilashi," in ji Ardis, aminiyar Marlys, wadda ke zama a damanta tun da aka kafa ƙungiyar. "Marlys, wane kamfani ne ya yi barewar nan? Ina so."

Marlys ta ɗauki katin. Ta kai shi kusa da fitila, ta juya shi, ta sake juyawa. Ta lalubi duk barewar da ta taɓa gani a kasuwar hatimi, ba ta sami wannan ba. Matan suna jiran ta, kamar yadda suka saba. Abin da ya kamata ta ce gajere ne: ban san wannan ba. Amma bakinta bai saba da kalaman ba. Zuciyarta ta raya mata cewa abin da ba ta sani ba, babu shi.

"Ba kamfanin da ya yi wannan," ta ce. "Na waye?"

"Nawa ne," in ji Verla tana murmushi. "Kin yi gaskiya, ba na kamfani ba ne. Ni na sassaƙa shi."

"Ke kika sassaƙa. Launi huɗu, ai hatimi huɗu ke nan. Ina suke?"

"Ɗaya ne. Na ma zo da shi don ku gani."

Ta buɗe jakarta ta fito da wani guntun roba ta ajiye. Matan suka leƙa. Babu barewa a jikinsa, babu gona, babu rana. Duk an ƙwaƙule shi. Abin da ya rage a sama shi ne ƙaho biyu, ɗigon ido, kofatai, da wasu 'yan layuka kamar karan masara.

Ardis ce ta fara tuntsirewa. "Wannan ai ɓera ne ya ci ya rage!"

Dariya ta zaga teburin. Verla ma ta taya su, don ba ta gane inda aka dosa ba. Ta ce, "Ku tsaya in yi muku bayani. Da farko robar cike take. Sai in buga launi mafi haske, sannan in ƙara..."

"Misis Dombek," Marlys ta katse ta. Jiya Verla take kiran ta, yau ta koma Misis Dombek. "Na daɗe a harkar nan. Hatimi ba ya narkewa. Wannan guntun robar ba zai haifi wancan hoton ba ko shekara za a yi ana dangwala shi. Doka ɗaya muke da ita, kuma kin san ta. Inji ne ya buga wannan."

Murmushin Verla ya ɗauke. "Hannuna ne ya buga shi. Ki zo kicin ɗina ranar Asabar ki gani da idonki."

"Ba ni da lokacin kallon rufa-ido. An cire katin daga gasa."

Verla ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka ci kek ɗinta watan jiya duk sun sunkuyar da kai, wannan na gyara tabarau, waccan na neman wani abu a jaka. Ta ɗauki katinta da guntun robarta, ta sa kwat ɗinta, ta hau matakala ta fita. Ba wadda ta bi ta. A ranar katin Marlys ne ya ci, mai hoton kabewa.

Magana zarar bunu ce. Kafin Lahadi labarin ya gama shagon shan kofi na bakin titi, kuma ya ƙara ƙiba a hanya. Ardis takan ba da shi har da kwaikwayon yadda Verla ta buɗe jaka. Aka laƙaba mata suna Uwar Inji. Matar da ke shirya ayyuka a gidan tsofaffi ta buga mata waya ta ce an ɗage koyarwar sai an neme ta, ba a kuwa sake neman ta ba. A coci akan gaishe ta da kai daga nesa. Ba wanda ya zage ta. A irin garin nan ba a zagi, matsawa kawai ake yi a bar wa mutum benci shi kaɗai.

Marlys ta ga duk wannan, ta ce wa kanta doka ta kare. Sai dai taron Nuwamba bai yi armashi ba. Wata da ta saba gwada sabbin dabaru ta kawo kati lami, ta ce tsoro take ji kada a ce ita ma inji ne. Marlys ta yi kamar ba ta ji ba.

A farkon Disamba ta tuna akwatin tawadar ƙungiya yana hannun Verla har yanzu. Tana iya aika wani, amma ta fi son ta je da kanta, a ga shugaba ce. Ƙanƙara ta rufe hanya a ranar, ta tuƙa motarta a hankali har ƙofar gidan.

Verla ta buɗe, ta dube ta sama da ƙasa. "A'a, shugaba da kanta. Cire takalmi, yanzu na goge ƙasa."

"Akwatin na zo karɓa."

"Yana nan. Amma ina aiki da jar tawadar. Ki zauna ki sha kofi, ko ki tsaya, ƙafarki ce."

A kicin an ɗaure igiya daga taga zuwa ƙofa, an rataye katuna da maƙalen shanya. Kowanne ba komai a jikinsa sai wani dunƙulen launin toka mai haske, ba kai ba ƙafa. Marlys ta taɓe baki. A kan tebur ga wani ɗan katako mai kusurwa da ake cusa kati a ciki don ya zauna wuri ɗaya, ga faffaɗar roba, ga 'yar wuƙar sassaƙa.

Verla ta goge robar, ta ɗauki wuƙar ta soma yanke ta. Sassaƙen na zubowa kamar an feƙe fensir.

"Ke! Za ki lalata shi!" Maganar ta kuɓuce wa Marlys ba shiri. Ita da ke wanke hatimanta da tsumma mai laushi kamar jarirai, ba ta taɓa ganin an sa wa hatimi wuƙa bayan an yi bugu da shi ba.

"Lalata shi nake yi, ai aikin ke nan," in ji Verla ba tare da ta ɗago ba. "Duk inda nake so ya zauna da launin toka sai in cire shi, don kada ja ya hau kansa."

Ta shafa jar tawada, ta sauko da kati ɗaya, ta cusa shi a kusurwar katakon, ta danna robar da tafin hannu. Da ta ɗaga, sai ga jan tsuntsu zaune a reshe, launin tokar nan ya zama ƙanƙara da inuwa a bayansa. Ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya har ta gama.

Marlys ba ta san lokacin da ta ja kujera ba.

"In kika yi kuskure fa?" ta tambaya a hankali.

"Sai in yi kuka in sayi wata robar. Abin da wuƙa ta ɗauke ba ya dawowa. Shi ya sa nake buga katunan duka tun launin farko. Daga baya ko sarauniya ce ta ce in ƙara mata ɗaya, ba hali."

Kafin jar ta bushe sun sha kofi. Sannan Verla ta koma kan robar. Ta cire jikin tsuntsun, ta cire fiffike, ta cire wutsiya. Ta shafa baƙar tawada ta buga. Tsuntsun ya sami ido, ya sami baki, ya sami ƙafafun da ya riƙe reshe da su, kamar ka ce kit ya tashi. Ta goge abin da ya rage na robar ta ɗora a tafin hannun Marlys. Guntu ne ƙwaƙulalle, ba komai a kansa sai ɗigon ido da 'yan layuka.

"Ga wani abin da ɓera ya rage. Ki kai wa Ardis tsaraba."

Gani ya kori ji. Marlys ta miƙe, ta sa takalmanta, ta fita. Sai da ta isa gida ta ga ba ta ɗauko akwatin ba.

Da cin abincin yamma Duane ya lura tana ta juya cokali a cikin miya.

"Ina akwatin da kika je yaƙi a kansa?"

Ta ajiye guntun robar a gabansa ta ba shi labari tun daga igiyar shanya. Ya ɗauka ya duba da kyau, irin duban mai sayar da ƙusa.

"Ashe matar nan gaskiyarta ce."

"Gaskiyarta ce."

"To sai ki faɗa musu."

"Da wane baki, Duane?"

"Da wanda kika faɗi na farkon. Bai lalace ba, kullum ina jin sa."

Ta harare shi. "Ba ka gane ba. In na tashi na ce ban sani ba, wa zai sake tambaya ta wani abu? Ardis kaɗai ta ishe ni."

"Mar, lokacin da nake shago, in aka kawo mini abin da ban sani ba, cewa nake ban sani ba, bari in tambaya. Ba wanda ya daina sayen fenti a wurina."

"Kai ai ba ka da abin da za ka rasa."

"Haka ne. Miƙo mini gishiri."

Nan ne Marlys ta yi kuskurenta na biyu, wanda ya fi na farko muni, domin na farko cikin jahilci ta yi shi. Ta yi shiru. Ba wanda ya san abin da ta gani sai ita da mijinta, kuma ta san Verla ba za ta bi gida gida tana kare kanta ba. Aka yi hidimar Kirsimeti, aka yi waƙe-waƙe, Verla tana bencin baya ita da 'yarta. Marlys ta zauna a ɗakin hatimanta ta kasa buga ko fure ɗaya. Duk durowar da ta ja sai ta ga kayan da wani ya zana, wani ya ƙera, ita dangwalawa kawai take yi.

Bayan bikin ta toya kek na tuffa, ta lulluɓe shi da tawul, ta koma gidan Verla. A wannan karon ta cire takalmi ba a ce mata ba. A baranda ta ga kwalaye a jere, wasu har an ɗaure.

"Tafiya za ki yi?"

"Hayata za ta ƙare ƙarshen Janairu. Zan koma Duluth. Can ko ba kowa, ba a kira na Uwar Inji."

Marlys ta ajiye kek ɗin. "Verla, na yi miki ba daidai ba. Ki yafe mini."

Verla ta yanka ta ɗanɗana, ta gyaɗa kai. "Kirfa ta ji. Kin iya kek, ba a ƙwace miki wannan ba. Yafewa kuwa na yafe tun kafin ki shigo, don ba zan iya ɗaukar ki a zuciya har Duluth ba, kin yi nauyi. Amma ba a kicin ɗina kika kira ni maƙaryaciya ba."

"Ban ce maƙaryaciya ba."

"Na ce hannuna ne, kin ce inji ne. Haɗa ki gani."

Marlys ta ce, "Zan gyara dokar. Zan ce an yarda da hatimin da mutum ya sassaƙa. Ki dawo kawai, ba wadda za ta tayar da maganar."

"Dokar lafiyarta ƙalau, ban karya ta ba. Sunana ne ya karye." Verla ta ajiye cokalin. "Ji nan, 'yar'uwa. Ranar Talata zan zo. Zan tsaya a bakin ƙofa da kwat ɗina a jiki. In kin faɗi abin da kika gani, a wurin da kika faɗi abin da ba ki gani ba, zan cire kwat in zauna. In ba ki faɗa ba, ba faɗa ba zagi, zan juya in ci gaba da ɗaure kwalayena. Ki ɗauki akwatinku, ga shi can."

Talatar farko ta Janairu ɗakin ya cika, domin sanyi ya hana kowa zuwa wani wuri dabam. Marlys ta tsaya a gaban tebur tana jera katuna. Aka ji taku a matakala. Verla ta bayyana a bakin ƙofa, kwat a rufe har wuya, jaka a hannu. Hira ta tsaya cak.

Ardis ta raɗa da ƙarfin da kowa zai ji, "Ikon Allah. Ko wutar gidanta ce ta ɗauke?"

Wasu suka ƙyalƙyale. Marlys ta yi gyaran murya.

"Kafin mu fara, akwai sanarwa. An sake duba dokar gasa. Daga yau an amince da hatimin da mutum ya sassaƙa da kansa. Saboda haka duk wadda..."

Ta ɗaga ido. Verla ta gyara riƙon jakarta, ta juya, ta ɗora ƙafa a matakalar farko.

"Verla, tsaya."

Ta tsaya, amma ba ta juyo ba.

Marlys ta dafa teburin da hannu biyu. "Ku manta da abin da na faɗa yanzu, kewaye-kewaye ne. Ba a duba wata doka ba. A watan Oktoba na ce inji ne ya buga katin Verla. Ba gaskiya ba ne. Hannunta ne. Na je gidanta na gani da idona, da roba ɗaya take buga launi bayan launi, tana yanke ta har ta ƙare. Ban san ana yin haka ba. Ardis ta tambaye ni, na ji kunyar in ce ban sani ba, sai na ɗora mata laifi. Kuma tun farkon Disamba na san gaskiya na yi shiru. Verla, a gaban waɗanda na ci mutuncinki nake roƙon ki gafara."

Marlys ta tsaya tana jiran dariya. Ba wadda ta yi.

Verla ta juyo. Ta sauko, ta soma ɓalle maɓallan kwat ɗinta ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ta rataye shi a ƙugiya.

"Akwai sauran kofi, ko shi ma sai na kawo shaida?"

Matar nan da ta daina gwada sabbin dabaru ce ta fara tashi ta ja mata kujera. Kafin a tashi taro an kewaye Verla ana tambayar inda ake sayen wuƙar, da ko roba mai laushi ta fi. Wata ta juyo ta tambayi Marlys wace tawada ce ba ta zuba in ruwa ya taɓa ta, Marlys ta ba ta amsa kamar kullum. Ashe ba abin da ya ragu daga saninta.

Verla ta kwance kwalayenta ta sabunta haya. Yanzu duk Asabar motar Marlys na ƙofar gidanta, tana koyon sassaƙa. Marlys ta yanke babban yatsanta tun ranar farko. Hatimin da ta fara sassaƙawa kyanwarta ce, amma Duane ya rantse dankali ne mai kunne, kuma ta bar shi ya liƙa a jikin firji.

Sai dai ba a gama ba. Ardis ta ce ita dariya kawai ta yi, dariya kuwa ba laifi ba ce. Sauran matan sun koma kiran Verla ƙawata kamar ba abin da ya faru. Gidan tsofaffi har yau bai buga waya ba, kuma a shagon kofi akwai waɗanda ba su san Verla da wani suna ba sai wanda aka laƙaba mata.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Komai sanin mutum akwai inda ya tsaya, kuma faɗin "ban sani ba" bai taɓa rage wa kowa daraja ba. Wanda ya ƙi faɗin sa, wani marar laifi ne zai ɗauki nauyin girman kansa. In kuma ka ɓata sunan mutum a gaban jama'a, kek da raɗa a kicin ba sa wanke shi, a gaban jama'ar za ka gyara. Marlys Hovland ta yi nata, ta kuma fito da mutuncin da ya fi na da. Saura waɗanda suka taya ta. Ardis ta kai labarin shagon kofi, to ta koma shagon kofi ta warware shi da murya irin wadda ta ba da shi. Matar da ta ɗage koyarwar tsofaffi ta ɗauki waya. Matan da suka yi dariya, da waɗanda suka sunkuyar da kai suna neman abin da bai ɓata ba a jaka, su miƙe tsaye a taro mai zuwa, kowace da bakinta, su ba Verla Dombek haƙuri a bainar jama'a. Hakkinta ne, ba alfarma ba.